Tarin Lala: Daga Brussels Zuwa Adjamé da Treichville

A 1906 Jules Bordet da Octave Gengou suka ware ƙwayar tarin lala, wanda wasu ke kira tarin shiƙa, a Brussels. Da dukan ƙwayar, bayan an kashe ta, aka haɗa allurar farko. A shekarun 1990 Amurka ta koma ga mai sassan ƙwayar kaɗai: ba ta cika sa zazzaɓi ba, amma kariyarta gajeriya ce. Ƙwayar kuwa ta fara yar da furotin ɗin pertactin da allurar ke hari. A 2012 masu cutar a can suka haura 48,000. Kodebuwa tana kan tsohuwar allura, a mako na 6, 10 da 14. A cunkoson Adjamé da Treichville, jaririn da bai kai mako 6 ba shi ne abin ji.