Metadon: Maganin Masu Jarabar Tiramol da Kodin

Metadon magani ne da likita ke ba wanda jarabar tiramol, kodin ko hiroyin ta kama. A Jamus aka fara haɗa shi a ƙarshen shekarun 1930 don kashe zafin ciwo. A 1964 likitoci biyu a birnin New York na Amurka, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka fara ba masu shan hiroyin shi kullum. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna.

Batun ya shafe mu. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 4.6 a Najeriya na shan irin waɗannan ƙwayoyi ba da izinin likita ba, kuma a shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. A Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, saurayi yakan fara shan tiramol don ƙarfin noma ko acaɓa. Ranar da ya rasa ta sai ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa da rashin barci su kayar da shi. Wannan azabar ce ke mayar da shi, ko da ya yi alkawari da hawaye.

Metadon dangin waɗannan ƙwayoyi ne, shi ya sa iyaye kan tambaya: ashe ba musayar wani maye da wani ba ne? Tambayar tana da hujja. Bambancin shi ne yana aiki a hankali, sha ɗaya ya kai mutum yini da kwana. Idan awon ya daidaita, ƙishin ƙwayar yakan kwanta ba tare da buguwa ba, mutum ya koma sana'arsa. Ana ɗaukar watanni, wasu shekaru, kuma a hankali ake rage shi.

Haɗarinsa ya fi yawa a makonni biyu na farko. Haɗa shi da giya ko ƙwayar barci yana iya tsayar da numfashi, awon babba kuwa yana iya kashe yaro. Kada a saye shi a kemis ko kasuwa. Ba ya maganin wiwi ko sholisho.

Mai neman taimako ya fara da babban asibitin garinsu, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato. Likita ne zai duba wane magani ya dace da shi.