Singer: Keken Ɗinkin da Bashi Ya Kai Gidajen Duniya

Ba Isaac Singer ne ya ƙirƙiro keken ɗinki ba. A 1850, a wani shagon gyaran injuna a birnin Boston na Amurka, ya tarar da keke mai yawan lalacewa, wanda ƙoshiyarsa ke zagayawa. Sai ya sa ƙoshiyar ta riƙa kai da komo a miƙe, allura kuma ta riƙa sauka daga sama tana huda yadin da ke shimfiɗe. A watan Agustan 1851 ya samu takardar mallakar fasahar, ya kafa kamfani tare da wani lauya mai suna Edward Clark.

Ba a jima ba Elias Howe, wanda ya riga Singer rajistar keken ɗinki tun 1846, ya maka shi a kotu, ya kuma yi nasara a 1854. Rigimar ba ta lafa ba sai a 1856, da manyan masu ƙera keken suka haɗa takardun mallakar fasaharsu wuri guda, kowa na biyan ladan amfani da su.

Saura matsalar kuɗi. Keke ɗaya ya kai kusan dala 100, abin da magidanci talaka ba zai iya zubewa a tashi ɗaya ba. Nan basirar Clark ta fito: a ba da kafin alƙalami, a ɗauki keke, a riƙa biya kaɗan-kaɗan duk wata. Kamfanin ya baza wakilai gida-gida, ya ɗauki mata suna ɗinki a bainar jama'a don a gani da ido, ya buɗe wuraren koyarwa da gyara. Mace ta samu damar biyan bashin da kuɗin ɗinkin da keken ya kawo mata.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Aka kafa masana'anta a Glasgow ta ƙasar Sikotilan a 1867, sannan wata gagaruma a garin Clydebank. Singer ya rasu a Ingila a 1875. Keken lantarki ya fito a 1889.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kekunan Japan masu araha suka kwashe masu saye, tufafin kanti kuma suka rage ɗinkin gida. Aka rufe masana'antar Clydebank a 1980. Sunan Singer yana nan a ƙarƙashin kamfanin SVP Worldwide, tsarin biya kaɗan-kaɗan kuwa ya zama ruwan dare a cinikin motoci, firji da wayoyi.