Kilobait 128: Yadda Linux ta tsaya a ma'auni ɗaya

Duk lokacin da masu kula da manyan rumbunan bayanai suka yi kukan cewa faifai yana jan ƙafa, gardamar da ke tashi ɗaya ce: me ya sa har yau ma'aunin asali na Linux wajen karatun gaba bai wuce kilobait 128 ba?

Dabarar kanta tsohuwa ce. Idan manhaja ta nemi farkon fayil, tsarin yakan yi hasashen za ta nemi na biye, sai ya ɗauko shi ya ajiye a ƙwaƙwalwa tun ba a tambaya ba, kamar mai shayin da ya san ka, kana zama ya fara fasa ƙwai. Unix bugu na shida, na 1975, yana yin haka da gutsure ɗaya tak na bait 512. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ta gaji tunanin, aka yi ta faci a kai.

Inda labarin ya yi armashi shi ne 2007. A bugu na 2.6.23 aka karɓi aikin Wu Fengguang, ɗan ƙasar Sin. Tsarinsa yakan fara da ɗiba kaɗan, ya sa alama a wani shafi cikin abin da ya ɗauko. Da manhaja ta iso shafin mai alama, sai ya aika a ɗebo kashi na gaba, yana faɗaɗa ɗibar har ta kai iyaka, wato shafi 32 masu kilobait 4 kowanne. A 2010 shi Wu ɗin ya nemi a ɗaga iyakar zuwa kilobait 512. Ba ta shiga ba.

Sai 2014, lokacin da aka gano cewa a manyan injuna da wani rukunin firosesa ba shi da ƙwaƙwalwar kansa, lissafin iyakar yakan ba da sifili, karatun gaba ya tsaya cak. Maganin da aka yi shi ne kafa rufi na megabait 2. Bai yi ƙarko ba: a 2015 Roman Gushchin ya cire shi, domin yana tauye masu haɗa faifai da yawa wuri guda, aka bar kowace na'ura da ma'auninta.

Wasu na cewa ra'ayin riƙau ne kawai ya daskarar da 128. Wasu kuma na cewa zuwan SSD ya kashe maganar, tunda babu allurar da za ta yi ta yawo a kan faifai. Ni ban gamsu da ko ɗaya ba. Abin da ke riƙe lambar shi ne asarar hasashen da bai ci ba: shafin da aka ɗauko ba a karanta ba, wani shafi mai amfani ya kora daga ƙwaƙwalwa. Linux ɗin da ke cikin katafariyar saba ita ce a ƙaramar wayar Android, don haka dole ma'aunin ya yi wa kowa. Kuma masu rumbun bayanai na MongoDB ma ragewa suke ba da shawara a yi, domin karatunsu tsalle-tsalle ne.

Wanda 128 ta yi wa kaɗan, ya buɗe read_ahead_kb a ƙarƙashin /sys/block, ya ƙara, amma ya gwada aikinsa kafin da bayan canjin.