Darajar digiri da semina a jami'a: Yadda tsarin yake da abin da ɗalibin Damari ya kamata ya sani

A duk lokacin bikin yaye ɗalibai, jami'o'in Najeriya kan sanar da adadin waɗanda suka kammala da daraja ta ɗaya, da ta biyu, da ta uku. Iyaye da dama a garuruwa irin su Damari, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Sabuwa ta Jihar Katsina, kan fara jin waɗannan kalmomi ne ranar da ɗansu ya dawo gida da sakamako, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. Alhali kuwa darajar digiri tara ta ake yi tun daga jarrabawar zangon farko na shekarar farko, sannan semina da kundin bincike na shekarar ƙarshe su cike lissafin.

Mece ce darajar digiri?

Wanda ya duba takardar shaidar digirin farko ta yawancin jami'o'in ƙasar nan zai ga an rubuta Hons a gaban sunan digirin. Gajartawa ce ta kalmar Ingilishi mai nufin daraja, kuma tana nuna cewa ɗalibin ya zurfafa a fanni guda, ya kuma kai wani matakin maki da jami'a ta gindaya. Wannan dabam yake da digirin girmamawa, wanda jami'a kan bai wa sarakuna ko attajirai ko masu mulki ba tare da sun zauna a aji ba.

Darajojin huɗu ne: ta ɗaya, da babbar daraja ta biyu, da ƙaramar daraja ta biyu, da ta uku. A ƙasa da su akwai digiri marar daraja, wanda ke nuna an ci jarrabawa kawai, kuma akwai jami'o'in da suka daina bayar da shi. Digirin likitanci ba ya bin wannan rabo, domin ko dai ɗalibi ya ci ko ya faɗi, sai dai akan rubuta masa yabo a darussan da ya yi fice.

Inda tsarin ya samo asali

Daga Ingila aka gaji wannan al'ada. Jami'ar Oxford ta yi dokar jarrabawa a 1800, wadda ta buɗe ƙofar ware ɗaliban da suka yi zarra, kuma bayan 'yan shekaru aka fara jera su aji-aji. Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, digirin Jami'ar Landan take bayarwa har zuwa 1962, saboda haka tsarin darajojin ya shigo Najeriya tare da ita. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a watan Oktoban 1962, ita ma a kansa ta ginu.

Daga baya aka haɗa shi da tsarin Amurka na raba karatu kwas-kwas, kowane kwas da nauyinsa. Jami'ar Nsukka ce ta fara bin wannan hanya tun kafuwarta a 1960, kafin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta shimfiɗa shi ga dukkan jami'o'i a ƙa'idojinta na 1989. Abin da ɗalibin yau ke karatu a ƙarƙashinsa ke nan: sunayen darajoji na Ingila, lissafin maki kuma na Amurka.

Bambancinsa da na Amurka

A Amurka kalmar tana da wata ma'ana. Can akwai shiri na musamman da ake zaɓar haziƙan ɗalibai su shiga, a ware musu kwasa-kwasai masu zurfi da azuzuwan da ba su cika wuce mutum 20 ba. Frank Aydelotte, shugaban Kwalejin Swarthmore, wanda ya yi karatu a Oxford, shi ne ya fito da irin wannan shiri a 1922. Ɗaliban da aka zaɓa sukan shafe shekaru biyun ƙarshe suna karatu ta hanyar semina, sannan malamai daga wasu jami'o'i su zo su jarraba su. Shirin ya bazu har aka kafa majalisar ƙasa ta irin waɗannan shirye-shirye a 1966.

A Najeriya ba a ware wani aji na zaɓaɓɓu. Duk wanda aka ɗauka karatun digiri yana kan hanyar samun daraja, lacca ɗaya ake yi wa kowa, jarrabawa ɗaya ake rubutawa. Wannan ya bai wa ɗan manomi daga Damari dama daidai da ta ɗan babban birni, sai dai ya ɗora masa nauyin neman zurfin ilimi da kansa, domin a ajin da ɗalibai suka kai ɗaruruwa, malami ba zai iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba.

Yadda ake lissafin maki

Kowane kwas yana da nauyi, galibi daga 1 zuwa 3. Makin da ɗalibi ya ci cikin 100 akan mayar da shi harafi, kowane harafi kuma da ƙimarsa: 70 zuwa 100 shi ne A mai ƙima 5; 60 zuwa 69 B mai 4; 50 zuwa 59 C mai 3; 45 zuwa 49 D mai 2; 40 zuwa 44 E mai 1; ƙasa da 40 kuwa F ne, ba shi da komai. Ana ninka ƙimar harafi da nauyin kwas, a tara duka, a raba da jimillar nauyin kwasa-kwasan.

Misali, domin sauƙin lissafi, a ɗauki kwas huɗu. Ɗalibi ya sami A a kwas mai nauyi 3, wato 15. B a wani mai nauyi 3, wato 12. C a mai nauyi 2, wato 6. Da B a wani mai nauyi 2, wato 8. Jimilla 41, a raba da 10, ya tashi da 4.10. Idan aka haɗa na dukkan zangunan da ya yi, sai a sami matsakaicin da ɗalibai ke kira CGPA.

Da wannan matsakaici ake yanke daraja. Daga 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya ce, 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu, 2.40 zuwa 3.49 ƙaramar daraja ta biyu, 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku. Kwas ɗin da aka faɗi dole a sake shi, kuma a yawancin jami'o'i sifilin farko yana nan cikin lissafi ko da an ci daga baya.

A nan ne muhimmancin shekarar farko yake fitowa. Idan aka ɗauka nauyin kwasa-kwasan shekaru huɗun daidai yake, ɗalibin da ya gama shekarar farko da 2.50 yana buƙatar kusan 3.83 a kowace shekara cikin ukun da suka rage kafin ya kai babbar daraja ta biyu. Daraja ta ɗaya kuwa ta kuɓuce masa ke nan, ko da A zai ci a kowane kwas har ya gama. Wanda ya fara da 3.00 sai ya ci 5.00 cif a duk sauran shekarun kafin ya taɓa 4.50. Juma'ar da za ta yi kyau, in ji Hausawa, tun daga Laraba ake gane ta.

Semina da kundin bincike

Semina, wadda ake fassarawa da taron ƙara wa juna sani, kalma ce da ta fito daga Latin, inda take nufin fegin da ake yafa iri a rene shi kafin a dasa. A jami'o'in Jamus ta zama hanyar koyarwa: an kafa ta nazarin harsuna a Göttingen a shekarun 1730, sannan masanin tarihi Leopold von Ranke, wanda ya fara koyarwa a Berlin a 1825, ya shahara da tara 'yan ɗalibai kaɗan suna tantance tsofaffin takardu tare da shi. A lacca malami ne ke magana, ɗalibai na rubutu. A semina ɗalibi ne ke gabatar da abin da ya karanto, sauran su yi masa tambayoyi, malami ya daidaita muhawarar.

Tsarin ba baƙo ba ne ga wanda ya san karatun zaure, inda ɗalibi ke buɗe littafinsa a gaban malam ya karanta, a gyara masa, sauran almajirai na sauraro. Abin da semina ta ƙara shi ne a ce ɗalibi ya kawo matsayarsa da hujjojinta, ya kuma tsaya ya kare ta.

A sassa da dama na jami'o'in Najeriya, musamman na kimiyya da aikin gona, semina kwas ce mai nauyi 1 ko 2 a shekarar ƙarshe. Ana bai wa ɗalibi batu ko ya zaɓa da kansa, ya karanta abin da masana suka rubuta a kai, ya rubuta takarda, sannan ya gabatar cikin 'yan mintoci a gaban malaman sashe da abokan karatunsa. Maki yakan dogara ga ingancin takardar, da yadda aka gabatar, da yadda aka amsa tambayoyi.

Kundin bincike ya fi ta nauyi, domin yakan kai 4 zuwa 6, wato kusan kwas biyu a haɗe. Sashe kan haɗa kowane ɗalibi da malamin da zai duba aikinsa. Akan tsara kundin babi biyar: gabatarwa, da bitar ayyukan da suka gabata, da hanyar gudanar da bincike, da sakamako, da kammalawa. Akwai kuma malamin da ake gayyatowa daga wata jami'a ya duba kundaye da takardun jarrabawar 'yan ajin ƙarshe, domin a tabbatar darajar da aka bayar a Katsina daidai take da wadda za a bayar a Kano ko Ibadan. Kwafe aikin wani ko sayen kundi laifi ne da kan iya jawo soke aikin ko korar ɗalibi.

Abin da Zariya ta gada

Arewacin Najeriya yana da nasa tarihin semina. Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya kuma assasa cibiyar Arewa House ta Kaduna a 1970, ya horar da ɗalibansa su koma ga rubuce-rubucen Larabci da ajami da bakin dattawa maimakon dogaro da rahotannin Turawan mulkin mallaka kaɗai. Cikin waɗanda suka fito daga wannan makaranta akwai Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa ta Jihar Katsina, wanda aka buga bincikensa kan tarihin ƙasar Katsina a 1981. Shi ne kuma ya tace takardun seminar da aka yi a Sakkwato a 1975 kan tarihin Daular Usmaniyya, waɗanda aka buga a 1979, kuma har yau masu bincike na komawa gare su.

Hanyoyin da ke gaban ɗalibin yankin

Damari tana cikin mazaɓar tarayya ta Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, a shiyyar Funtuwa. Saboda Sabuwa tana iyaka da Jihar Kaduna, Zariya ta fi birnin Katsina kusa da ita. A Funtuwa akwai makarantar share fagen shiga jami'a ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda wanda ya ci jarrabawar IJMB kan nemi shiga aji biyu kai-tsaye. Ga irin wannan ɗalibi, shekaru uku ne kawai za a lissafa masa a digiri mai shekara huɗu, saboda haka kowane zango ya fi nauyi a kansa.

A cikin jihar akwai Jami'ar Al-Qalam ta Katsina da aka kafa a 2005, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta 2011. Dukkansu suna bin ƙa'idojin NUC. A watan Disamban 2022 hukumar ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, CCMAS, wadda ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta.

Ɗaliban wannan yanki suna da ƙalubalen da ba kowa ke da shi ba. Matsalar 'yan bindiga ta daɗe tana addabar ƙananan hukumomin uku. A ranar 11 ga Disamban 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, kafin a sako su bayan kwana shida. A watan Satumban 2021 kuma aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara. Yaron da karatun sakandarensa ya yi ta yankewa yakan shiga jami'a da giɓi a Ingilishi da lissafi, a daidai shekarar da makinta ya fi wuyar gyarawa. Haka nan ɗan ajin ƙarshe da zai tattara bayanai a ƙauyuka dole ya tsara aikinsa da malaminsa bisa inda za a iya zuwa lafiya.

Ta wani gefen kuma, yankin cike yake da batutuwan bincike. Ƙasar noman masara da dawa da auduga da waken suya ce, kasuwar hatsi ta Dandume tana maƙwabtaka da ita, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da tarin bayanai kan waɗannan amfanin gona. Ɗalibin tattalin arziki da ya bi farashin buhun masara daga gona zuwa kasuwa, ko na ilimi da ya ƙirga yaran da suka koma aji bayan an buɗe makarantu, yana da abin da ba ya cikin littattafan ɗakin karatu, ga shi kuma ya san harshen mutanen da zai tambaya.

Amfanin darajar bayan kammalawa

Hukumar yi wa ƙasa hidima ba ta bambanta masu daraja ta ɗaya da ta uku. Bambancin yana bayyana ne daga baya. Galibin jami'o'i suna neman aƙalla ƙaramar daraja ta biyu kafin su ɗauki mutum digiri na biyu, mai daraja ta uku kuma akan ce ya fara yin babbar difiloma. Aikin koyarwa a jami'a a matakin farko, da yawancin tallafin karatu a ƙasashen waje, da ɗaukar sababbin ma'aikata a bankuna da manyan kamfanoni, akan keɓe su ga masu daraja ta ɗaya ko babbar daraja ta biyu.

Kowace jami'a tana da littafin jagorar ɗalibai da ke ɗauke da waɗannan ƙa'idoji, kowane aji kuma yana da malamin da aka naɗa ya riƙa bai wa ɗalibansa shawara kan rajistar kwasa-kwasai. Iyayen da ke son sanin halin da ɗansu yake ciki ba sai sun jira ranar yaye ɗalibai ba: a ƙarshen kowane zango ana fitar da CGPA, kuma wannan lamba ɗaya ta isa ta nuna darajar da yake fuskanta tun da sauran lokacin gyara.