Libarba a Akwatin Karammiski: Bindigogin Gaisuwa da Faɗuwar Yola

A watan Yunin 1851 Bajamushen nan mai yawon buɗe ido, Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya iso Yola. Garin bai wuce shekara goma da kafuwa ba, domin a 1841 Modibbo Adama ya sauka a nan, kuma ɗansa Lamiɗo Lawal ne ke kan gado. Barth bai yi mako guda ba aka sallame shi, saboda ya shigo da rakiyar mutanen Borno, fada kuwa ba ta saki jiki da su ba. A daidai wannan lokacin, can birnin Landan, wani Ba'amurke mai suna Samuel Colt ya baje hajarsa a babban bikin baje kolin duniya: ƙaramar bindiga mai ganga mai juyawa, wadda ke tashi sau shida kafin a sake ɗura ta. Ita ce Hausawa suka sani da libarba.

Colt ya yi wa ƙirarsa rajista a Amurka tun 1836, amma wayonsa na talla ya fi ƙirar tasa. Sai ya sa a zana wa bindiga furanni, a shigar mata da zinariya, a kwantar da ita cikin akwatin katako mai shimfiɗar karammiski, kowane kaya da gurbinsa: tandun albarushi, mazubin harsashi, gwangwanin ƙyastu. Daga nan ya kai wa mai mulki kyauta, yana hangen odar sojojinsa. Haka ya yi wa Sarkin Rasha Nicholas na Ɗaya a 1854, kuma waɗannan bindigogi suna gidan tarihi na Hermitage har yau.

Sarakunan ƙasarmu ma sun sha irin wannan gaisuwa, tun kafin a san libarba. Da Hugh Clapperton ya je gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824, cikin kayan da ya ajiye akwai bindigogi masu ado da azurfa da ƙananan bindigogi masu baki biyu. A 1853 Barth ya kai wa Sarkin Musulmi Aliyu Babba ƙananan bindigogi biyu, su ma da adon azurfa. A watan Satumban shekarar ya isa Tumbutu da wata mai tashi shida, Shehu Ahmad al-Bakkay ya sa shi ya harba ta a ƙofar gidansa, gaban jama'a. Barth ya rubuta cewa harbin ya taimaka masa ya tsira, don mutane sun ɗauka duk jikinsa makami ne. Ashe ita bindigar gaisuwa aiki biyu take yi: tana faranta wa sarki rai, tana kuma nuna masa abin da baƙon ya baro a gida.

Tsoffin Wuro Hausa, unguwar da fatake da masu sana'a Hausawa suka zauna a cikin Yola, sun fi sanin bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, maƙeri ya gyara ta in ta lalace. Sabuwar bindiga sai manya. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels ta hana sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani, abin da ya ƙara musu tsada, ya mai da su abin zawarcin sarakuna. Kamfanin Royal Niger na Ingilishi yana da jirgin ciniki girke a kogin Binuwai, ta wajen Jimeta ta yau, yana kishin duk wanda ya leƙo. Sai ga hafsan sojan ruwan Faransa, Louis Mizon, a farkon shekarun 1890, yana neman Lamiɗo Zubairu ya juya wa Ingilishi baya. Gaisuwarsa ta fi ta kowa nauyi: igwa biyu.

Igwar nan ba ta zama ado ba. Ranar 2 ga Satumba 1901, ruwa ya cika kogi, Kanar Morland na Ingilishi ya kawo sojoji cikin jiragen ruwa ya tasar wa Yola. Mutanen Zubairu suka tare a fada da masallaci, tare da wasu tsoffin 'yan bindigar Rabeh, wanda Faransawa suka kashe a Kusuri a 1900. Suka harba igwar Mizon, suka yi wa maharan ɓarna, amma kafin rana ta faɗi garin ya faɗi, igwar ta koma hannun Ingilishi. Zubairu ya fice, ya gwabza da Jamusawa a Garwa, ya sake karawa da su a Marwa a farkon 1902, inda mashinga ta cinye dakarunsa. A 1903 aka kashe shi. Ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu ne Turawa suka ɗora. Libarbar da hafsoshin Ingila suka fi ratayawa a wancan zamani ita ce Webley ta Birmingham, wadda rundunarsu ta ɗauka tun 1887.

To, me ke sa irin waɗannan tsoffin ƙarafa tsada a yau? Masu tara su a Amurka da Turai suna fara duba lamba: wadda ke jikin baki ta dace da ta ganga da ta mariƙi, ko an yi haɗe-haɗe? Sai launin asali. Wanda ya ɗauki yashi ya goge tsohuwar bindiga don ta yi ƙyalli ya goge kuɗinsa ne. Sai akwati, a ga ko nata ne na asali, ko karammiskin ya lotsa daidai inda ta kwanta shekara da shekaru, don 'yan damfara sun iya haɗa tsohon akwati da wata bindiga dabam. Uwa uba takarda: wa ya ba wa, yaushe? Kamfanin Colt har yanzu yana binciken kundinsa ya ba mai tambaya wasiƙar ranar da bindiga ta fita da inda aka aika ta. A 1847 an ƙera samfurin Colt Walker guda 1,100 kacal. A 2018 aka yi gwanjon ɗaya a Amurka, da akwatinta da takardarta, a kan dala miliyan 1.84.

A ganina a takardar ne muka yi asara, ba a ƙarfen ba. Mu abin sarauta amfani ake yi da shi, a harba a hawan salla, a ba wa barde, a gada, labarinsa kuwa a baki yake, yana tafiya da tsohon da ya riƙe shi. Jerin gaisuwar da aka kai Sakkwato ma a littattafan masu kawowar muka fi samunsa.

Wanda kuma ya tsinci irin wannan a ɗakin kakansa ya san ba hajar kasuwa ba ce. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol, har da tsofaffi masu ƙanƙara, cikin jerin da ba a riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba izini. Hukumar tana da gidan tarihi a Yola, fadar Lamiɗo ma tana da nata, kuma can ne za a iya rubuta sunan mai ita da yaƙin da ta gani.