Maiwurno da sana'o'in da suka bi hanyar hijira

Bayan rasuwar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a yaƙin Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Maiwurno ya ja ragowar jama'a suka nufi gabas. Wajen 1906 suka yada zango a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sennar, garin kuma ya ɗauki sunansa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buƙaci ma'aikata, ƙauyukan Hausawa suka yawaita a yankin, har zuwa Dindir.

Gini ba ya bin mai shi tafiya. Soron tubali da azara irin na Kano da Zariya da jar ƙasa ake yin sa. Ƙasar Jazira kuwa baƙar laka ce, mai kumbura da damina, ta tsattsage da rani, ta fasa bango. Abin da ya isa can lafiya shi ne abin da hannu ya ƙware a kai: askar wanzami, komar masunci, allon almajiri, da tukubar mai nama. Har yau a Khartum ana sayar da tsiren da aka turbuɗe da ƙuli da yaji, Larabawa suna kiran sa agashe, daga kalmarmu ta gashi.