Farawa da Ƙarshe: Sarrafa Lokaci Daga Shaihu Umar Zuwa Ƙagaggen Labarin Helon Habila

Tsakure: Wannan maƙala ta kwatanta zubin lokaci a Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Waiting for an Angel na Helon Habila, domin nuna cewa dabarar waiwaye iri ɗaya ce, amma aikin da take yi wa mai karatu ya sha bamban.

Ɗalibin adabi a Kumbiya-Kumbiya da ke cikin garin Gombe ba ya buƙatar tsallaka teku kafin ya ga labarin da ya ƙi bin jerin kwanaki. Marubutan biyu na gida ne. An haifi Habila a Kaltungo a 1967, Tafawa Ɓalewa kuwa ɗan lardin Bauchi ne, wanda Gombe ke cikinsa a da, kafin ta zama jiha a 1996.

Shaihu Umar ya fito ne daga gasar da Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya a 1933. Littafin ya buɗe da tauraron yana dattijo, yana karantarwa a Rauta, sai almajiri ya tambaye shi asalinsa. Daga nan aka koma baya: Kagara, sace shi yana yaro, zama a hannun Balarabe Abdulkarim, tafiya Masar, da wahalar mahaifiyarsa wajen cigiyarsa har Tarabulus. Ruwan Bagaja da Ganɗoki ma haka suke, wanda ya sha gwagwarmayar ne ke zaune yana ba da labarinta. Saboda haka mai karatu ya san tun shafin farko cewa gwarzon ya tsira. Duk azabar da aka sha a hamada, hankali kwance ake karanta ta.

Habila ya ɗauki wannan dabara ya cire mata kwanciyar hankalin. Littafinsa na 2002, Waiting for an Angel, ya fara ne a kurkuku a 1997, zamanin Janar Sani Abacha, inda ɗan jarida Lomba ke rubuta waƙoƙin soyayya da shugaban gidan yarin ke miƙa wa budurwarsa da sunan nasa ne. Wannan babi, wanda ya ci kyautar Caine a 2001, ya ƙare ba tare da an tabbatar ko Lomba na cikin fursunonin da aka saka bayan rasuwar Abacha a Yunin 1998 ba. Sauran babukan sai suka koma baya, zuwa jami'a da unguwar talakawa a Legas, kowanne da mai ba da labarinsa, har aka tsaya dab da zanga-zangar da za a kama shi. Shafin ƙarshe shi ne jajibirin shafin farko.

Akwai dalili na tarihin littafin kansa. Gajerun labarai ne da marubucin ya fara bugawa da kansa a 2000 da sunan Prison Stories, kuma har yanzu ana ganin ɗinkin da aka haɗa su da shi. Wasu babukan ba su zauna daram a jikin sauran ba. Amma ɗinki kaɗai bai isa ya bayyana abin da Habila ya yi wa tarihin ƙasa ba. Kisan Dele Giwa na 1986 da na Kudirat Abiola na 1996 ya matso da su kusa da juna, tamkar shekaru goman da ke tsakani ba su wuce ba. A ganin wannan nazari, nan ne ƙarfin zubin yake, domin mutumin da aka tsare ba shari'a ba shi da ranar fita da zai ƙirga zuwa gare ta.

Batun lokaci bai tsaya nan ba: a Measuring Time na 2007, Habila ya dawo da labarinsa arewa, wani ƙagaggen gari mai suna Keti, inda Mamo ke ƙoƙarin rubuta tarihin mutanensa, wasiƙun tagwainsa LaMamo daga fagagen yaƙi suna katse masa lissafi.